Kilo Biyuna Suna Wurin Pak Darsa

Sallama gare ku, masu bin labarin nan tun farko da waɗanda yau suka faɗo cikinsa. Sunana Icih, shekarata hamsin da bakwai, kuma an cuce ni. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya gyara zama yana jiran waƙa. Matar ɗana Wiwin ce ke buga abin da nake faɗa, domin ni lambobi kaɗai nake karantawa, kuma na gaya mata in ta tausasa mini magana ko guda, ita da shiga kicin ɗina har abada.

Shekara talatin ina jan akori-kura daga tudun Pangalengan zuwa kasuwar Bandung, kabeji a ƙasa, dankali a sama, hanya kamar hanjin kaza. Da mijina ya rasu, ɗana Hendar ya karɓi sana'ar, ya ce in huta. Na huta wata huɗu, na kusa haukacewa. Sai na sayi wata tsohuwar Korola da kaji ke kwana a ciki, na fenta ta kore, na manna mata lamba arba'in da bakwai, na shiga kulob ɗin masu tseren tsofaffin motoci. Likitoci ne da 'yan kasuwa da yaran masu hali, suna zuwa ƙarshen mako su ƙona taya su koma ofis ran Litinin. Su suka sa wa motata suna Kabeji. Ni kuma suna ce mini Mak, yadda ɗana ke kirana, kamar ni na haife su.

Hendar bai so ba. Kafin tseren farko ya tara mini kawunnansa a falo, aka sha shayi, aka yi ta zagaye-zagaye, sannan ya ce, "Mak, tsere shida ne a shekara. In kin shiga cikin ukun farko ko sau ɗaya, kin ɗauko kofi, na rufe bakina har abada. In ba ki shiga ba, mota ta tafi, ki zauna da jikokinki kamar kowace kaka."

Na ce na yarda. A gaban mutane na faɗa, kuma ni ba na lashe amaina.

Na zo ta sha ɗaya. Na zo ta tara. A na uku inji ya yi tari ya mutu a zagaye na biyu. A na huɗu na zo ta bakwai, kuma bayansa ne masifa ta same ni, ba a kan kwalta ba, a waya.

Akwai mutumin da ke auna motoci a kulob ɗin, Pak Darsa. Pak a wurinmu kamar Malam ne, Bu kuma kamar Malama. Shekararsa sha tara a kan sikelin nan. Dogo ne, siriri, kansa fari fat, tabaraunsa ɗaure da zaren kamun kifi, farar rigarsa ta jami'ai kullum a goge har tana iya yanka hannu. Matarsa ta rasu da daɗewa. Ban taɓa jin ya haɗa magana goma a jere ba. Da na dawo gida washegari ina shanya kayan tserena a igiya, sai saƙon murya ya shigo. Daƙiƙa arba'in da ɗaya, rabinsa shiru ne da kukan zakara.

"Bu Icih. Darsa ne, na wurin awo. Na lura tayarki ta baya ta hagu tana cinyewa ta ciki." Shiru. "Kuma in kin ba ni izini, ina so in zo gida in gaida Hendar." Wani shirun. "Ba maganar taya ba ce."

Ku 'yan mata da kuke karantawa, kuna zaton abin nan ku kaɗai yake kamawa. Ni ma haka na zata. Na zauna a kan bokiti da rigar a hannuna tana ɗiga a ƙafata, na saurara sau shida. Da la'asar na hau gonar shayi ta bayan gidanmu, inda hazo ke saukowa ya shafe hanya, ya shafe bishiyoyi, har mutum ya daina ganin ƙafarsa, na sake kunnawa. Shirun nan na tsakiya na fi saurare. Ina jin numfashinsa a ciki, da ƙarar cokali a kofi, har na san kicin ɗin da ban taɓa shiga ba: tagar katako, tebur ɗaya, kujera biyu, ɗaya babu kowa a kanta.

Ban ba shi amsa ba. Na tura masa hoton babban yatsa, shi ke nan. Shi kuwa kowace safiya bayan asuba sai ya aiko: "An yi ruwa a Bogor." "Yau rana ce." "Mangwaron maƙwabcina ya fara nuna." Mutum ya kai shekara sittin da biyu, abin da ya iya kenan. Ni kuma ina kwance ina jiran labarin mangwaron maƙwabcinsa kamar sakamakon asibiti.

Abinci ya fita raina. Ni da nake cinye ƙunshin shinkafa uku na ganyen ayaba da busasshen kifi da dakakken barkono kafin a ce kwabo, sai in ɗauki awara guda in yi ta juya ta a faranti. Wiwin ce ta fara gani.

"Mak, zanenki ya zagaya ki sau biyu da rabi."

"Zanen ne ya saki."

"Zobenki ma ya saki?"

"Ki kula da tukunyarki."

Ita ta gaya wa mijinta, kuma tana ji ina faɗa yanzu tana bugawa, ta ƙi ɗago kai. Hendar ya same ni a gareji ina goge fitilun Kabeji. Ya ce, "Mak, tsere bai isa ba, sai kuma aure? Jikoki uku. Me zan ce wa mutane a masallaci?" Na ce ya ce musu uwarsa ba ta mutu ba tukuna. Ya fita, ya bar ƙofa a buɗe.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne gaɓar. A ajinmu doka ta ce mota da direbanta, haɗe, kada su gaza kilo ɗari tara da talatin bayan an gama tsere. Wanda motarsa ba ta da nauyi sai ya ɗaure dalma a ƙasan kujerar fasinja. A farkon shekara an ɗora ni da Kabeji a sikeli, muka yi ɗari tara da talatin da biyar, na ce alhamdulillahi, na manta. Bayan tsere kuwa ukun farko kaɗai ake aunawa, to ni da na saba zuwa ta bakwai, ta biyar, wa zai auna ni? Amma kowace Asabar da safe sikeli a buɗe yake, duk mai so ya tura motarsa ya duba. Kowa yana yi. Yaran nan har bayan sun ci abincin rana suke komawa.

Asabar ɗin tseren ƙarshe na nufi rumfar awo sau biyu. Na farko na hango bayansa, ya durƙusa yana share farantan sikeli da tsumma, na juya na tafi neman shayin da ba na sha'awa. Na biyu ya ɗago ya gan ni daga nesa, ya taɓa tabarau, sai na tsinci kaina ina gaida wata mata da ban sani ba, har ina tambayarta yara. Ni Icih, da na taɓa fito da ɗan kamasho ta tagar mota da wuyan riga. Wata biyu ina ramewa, kuma abu ɗaya da zai gaya mini gaskiya yana hannun mutumin da ba na iya kallo.

Lahadi bayan azahar muka jeru, mota sha huɗu, ni a ta shida. Na sa hijabin ciki, na sa hular kwano, na ja maɗauran kujera, na ji sun wuce inda suka saba tsayawa. Ko a nan ban farga ba.

Zagaye huɗu muka yi a bushe, sannan sama ta buɗe.

Ban san yadda zan gaya muku ba. Da ruwa ya sauko, yaran birni suka fara taka birki tun daga nesa, ni kuwa sai na ji kamar an mayar da ni gida. Kwalta ta zama baƙin madubi, gajimare na kwance a cikinta, ina tafiya a kan sama. Ƙarar inji ta koma nesa kamar a gidan maƙwabta ake yi. Feshin tayoyin gabana ya tashi fari, irin hazon tudu da nake ratsawa da kabeji tan biyu a baya, kuma hannuna ya tuna abin da ya sani: kada ka yi faɗa da mota a ruwa, ka bar gindinta ya ɗan zame, ka lallashe ta ta dawo. Na wuce wata ja. Na wuce wata fara da ta juya tana kallon inda ta fito. A kowace kwana masu tuta na tsaye cikin rigunan ruwa kamar mutanen mafarki, ba fuska, sai hannu. Ina ta magana a cikin hula, ban san da wa ba. Ina ce masa an yi ruwa a nan ma.

Saura zagaye ɗaya, Dokta Yosep ne a gabana, likitan haƙori, mai baƙar mota da ta fi tawa komai. A kwanar kusa da ƙarshe ya buɗe ƙofa kamar faɗin tabarma. Na shige. Tuta mai baƙi da fari ta sauka a kaina ina ta uku.

Ban yi ihu ba. Na zagaya a hankali, ruwa na tsagaitawa, tururi na tashi daga kwalta har gwiwa, na ce a raina, Kabeji, kin zauna.

Aka nuna mana wani shingen waya, mu uku. Daga tuta zuwa sikeli ba mai taɓa mota, ba mai miƙa wa direba ko tsinke. Na fito na cire hula, rigar tsere ta jiƙe ta manne mini. Dokta Yosep ya zo ta wajen waya, ya dube ni sama da ƙasa, murmushinsa ya ɗauke.

"Mak, yaushe rabonki da sikeli?"

"Tun Maris."

"Ina sauranki?"

Ya ɓace, ya dawo da manyan gorunan ruwa biyu, ya sunkuya kamar mai ɗaure takalmi, ya mirgino su ta ƙarƙashin waya. Ku lura, shi ne na huɗu. In na faɗi, kofin nasa ne. Ya ce a hankali, "Ki sha ɗaya, ki juye ɗaya a cikin riga. Kowa a jiƙe yake, wa zai sani? Ba na son kofin da zan kai gida matata ta ce tsohuwa na ƙwace wa."

Gorunan suka taho suna mirginawa, sai wani baƙin takalmi mai sheƙi ya tare su.

"Dokta, ka yar da ruwanka," in ji Pak Darsa. Ya ɗauka, ya miƙa masa ta saman waya. Bai kalle ni ba.

Abin da nake ƙara a kai kenan, jama'a. Sama tana nan, faɗinta ya ishi kowa kallo. Da ya ɗaga kai ya duba ko ruwa zai dawo, minti ɗaya tak, wa zai ce ya yi laifi?

Aka tura ta farko, ta wuce. Ta biyu ta wuce. Na shiga Kabeji aka tura ni kan farantai huɗu. Lambobi jajaye suka yi rawa suka tsaya. Wannan karatun na iya shi: tara, biyu, takwas.

Ya ce a sauke a sake. Tara, biyu, takwas. Ya ce a juya mota a hau da baya, ya durƙusa da kansa ya share kowane faranti. Tara, biyu, takwas. Na ga alƙalaminsa ya tsaya a kan takarda, ya daɗe, sannan ya rubuta.

"Saura kilo biyu, Bu Icih."

"Na gani. Ba makauniya ba ce ni."

"Sikeli a buɗe yake jiya tun bakwai."

"Na sani."

"Na ajiye miki dalma. Kilo goma. Tana ƙarƙashin tebur tun Juma'a."

"To bakinka ciwo yake? Mangwaron maƙwabcinka ka iya ba ni labari kullum, amma ka ce Icih kin rame, zo ki hau sikeli, wannan ya fi ƙarfinka?"

Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce, "Ban ga dacewar in ce wa mace na lura da jikinta ba, alhali ba ta ba ni amsa ba."

Mutane sun taru a bakin wayar shinge. A cikinsu na ga Hendar da lema. Bai yi dariya ba, ban ɗora masa wannan ba, amma ya miƙo hannu ta cikin waya, tafin a sama. "Makulli, Mak. Mai saye zai zo da motar jan mota da yamma. Alkawari ne."

Na zare makullin. Wallahi na zare, ina tafiya wajensa. Sai Pak Darsa ya yi magana a bayana, da muryar karanta doka.

"Direban da bai yarda da awo ba yana da minti talatin ya shigar da ƙara a rubuce."

Na juyo. "Ka san ba na rubutu."

"Wani zai iya rubuta miki, ki sa hannu."

Wiwin na gida da jariri. Na kalli Hendar, ya kalli lemarsa. Dokta ya ɗaga hannuwa: "Ni ke cin gajiyar faɗuwarki, Mak, ba za su karɓi rubutuna ba." Sauran jarumawan, masu kirana Mak, kowa ya tuna yana da taya da zai duba.

Pak Darsa ya cire katin da ke rataye a wuyansa. Ya naɗe igiyar a hankali, ya ajiye a kan tebur. Ya cire farar rigar, ya ninke ta hannu da hannu, ya rage daga shi sai singileti, ƙasusuwan kafaɗa a waje. Sakataren kulob ya taso da sauri.

"Pak, jami'i ba ya rubuta wa direba ƙara. In ka yi, ba ka komawa kan sikelin nan."

"Shi ya sa na tuɓe."

Ya jawo kujera, ya ɗauki takarda mai kwafi a ƙasa, ya gyara tabarau. "Wa kike ƙara?"

"Kai."

Ya rubuta. "Dalili?"

"Rubuta cewa sikelinka bai yi ƙarya ba, amma kilo biyun nan ba ɓata suka yi ba. Suna wurinka. Da su da wasu biyar. Ka dawo mini da su, ko ka ba ni kofina."

Wani ya tuntsire da dariya a bayan waya, wani ya ce masa shiru. Pak Darsa ya rubuta. Maganata ba ta fi layi uku ba, na san tsawon layi uku. Shi kuwa ya cika shafi, ya juya baya, ya ci gaba, sakatare na duba agogo yana cewa saura shida, saura huɗu. Rana ta fito ta bugi ruwan da ke kwance, duk filin ya ɗauki haske har ba a iya buɗe ido, ni kuma ina tsaye ina kallon tsakiyar farin kansa da yadda alƙalami ke tafiya, na manta ina fushi. Na tuna daga baya. Na zana sunana inda ya nuna.

Sakatare ya buga hatimi, ya yi ajiyar zuciya, ya aika a kawo waya da dalmar liƙi. Suka ɗaure murfin injin Kabeji, suka ɗaure ƙofofi.

Hendar ya ce, "Me kuke yi wa motar?"

Pak Darsa ya miƙe, yana rungume da rigarsa. "Motar da ake ƙara a kanta ba ta fita shinge, ba a taɓa ta, ba a sayar da ita, sai kwamiti ya zauna. Asabar ta sama." Ya ɗan sunkuyar da kai. "Ni ne Darsa. Na so mu gaisa a wuri mafi kyau da wannan."

Kofin na uku ba a ba kowa ba. Yana cikin kabad a ofishin kulob, na gan shi ta gilashi, ƙarami ne, bai kai butar shayi ba.

Yau kwana uku. Kwafin takardar yana wurina, shuɗin rubutu gaba da baya. Na ga arba'in da bakwai a ciki, na ga tara-biyu-takwas, sauran kuwa tururuwa ce. Na ba Wiwin ta karanta mini. Ta fara a zuci, ta kai rabi, ta rufe baki da gefen mayafi, ta ce, "Mak, wannan ba a bakina za ki ji shi ba." Na yi zagi, na yi lallashi, ta ƙi. Ga ta nan, har yanzu ta ƙi.

Jiya da la'asar Hendar ya dawo daga kasuwa ya tarar da takardar a kan tebur. Ya ɗauka a tsaye, ya gama a zaune a bakin ƙofa. Hazo ya sauko ya rufe gonar shayi, ya rufe katanga, yana nan zaune da takarda a gwiwa. Na kai masa shayi.

"Me ya rubuta?"

"Layin farko ya ce ba ki da gaskiya, Mak. Ya ce awo daidai ne, doka daidai ce, in aka sake ba shi sikelin gobe haka zai rubuta."

Kun ji irin lauyan da Allah ya haɗa ni da shi. Na ce, "Sauran shafi biyun fa?"

Ya ninke takardar a kan tsohon ninkinta, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Sauran ba na kwamiti ba ne. Amma doka ta ce duk abin da ke cikin ƙara sai an karanta shi da ƙarfi, a gaban kowa." Ya kurɓi shayi. "Ni zan kai ki ranar Asabar. Ina so in ga ko zai iya tsayawa a wurin."

"Motata fa?"

"In ya tsaya har aka kai ƙarshe, Mak, sai mu sake maganar mota."